Ƙugi a Gajeren Zango

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma ƙugin nan. Shekara talatin da ɗaya rediyon nan yana hannuna, bai taɓa yi mini haka ba. Da na murɗa gajeren zango sai zzzz, tun daga mita 49 har 19. Labaran ƙarfe huɗu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na kwance bayansa, na kakkaɓe ƙura, na sake ɗaure wayar ƙasa, na canja wasu 'yan kayan cikinsa biyu da suka kumbura, waɗanda ake kira kwandansa. Ƙugi na nan daram. Da na zare eriya sai ya yi tsit, wato daga waje yake shigowa. Na tsallaka wurin mai walda da ke kusa da mu na zazzage masa, a zatona injinsa ne. Ya ce, "Baba, ai kwanana huɗu ban kunna inji ba." Na dawo sumui-sumui.

Asabar, 8 ga Maris
Na gano. Na ɗauki ƙaramin rediyo mai batir na bi ɗaki-ɗaki. Kicin shiru, firji ɗan kaɗan. Ina isa ƙofar Yaya sai ya ɓarke da ihu. Injin oksijin ne, wanda asibiti suka haɗo shi da shi da aka sallamo shi wurinmu saboda ciwon huhu. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Na ce, "Ashe kai ne ka hana ni sakat." Da injin nake. Wallahi da injin nake.

Talata, 11 ga Maris
Ikon Allah! Daga huɗu zuwa huɗu da rabi murya tas, kamar mai labaran yana falon. Na ce wa maiɗakina gyarana ne ya fara kamawa. Har da buga ƙirji.

Alhamis, 13 ga Maris
Tas kuma. Kwana uku ke nan.

Juma'a, 14 ga Maris
Ban san ta inda zan fara ba.
Nas ɗin da ke duba Yaya ta saba zuwa da safe, yau sai ta zo huɗu da kwata. Ina falo, kunnena a jikin rediyo. Ƙugin ne ya fara dawowa, sannan na ji muryarta: "Wa ya kashe masa inji?"
Na shiga. Leɓensa ya yi duhu, yana jan numfashi da kafaɗu. Sai da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ce mata, "Ni ne, 'yata. Rabin awa ne kawai. Ƙanena ba shi da wani abin jin daɗi sai rediyon nan."
Ta juyo ta kalle ni. Gara ma a ce ta zage ni.
A nan kaɗai zan iya faɗa. Tun Laraba na yi zargi. Ni da na tsufa a aikin waya, na san kwandansa ba ya maganin abin da ke shigowa ta eriya, kuma babu gyaran da ke kamawa ƙarfe huɗu cif. Taku goma ne zuwa ɗakinsa. Ban je ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban iya shiga ba. Na aika masa da shayi.

Talata, 18 ga Maris
Na shiga na yanke masa farce. Hannun ya zama ƙashi zalla. Ya ce, "Auta, me ake ciki a duniya?" Na ce ban sani ba. "Kai da rediyo?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce in miƙo masa ruwa.

Asabar, 22 ga Maris
Idan na mayar da eriya can bayan gida, nesa da tagarsa, ƙugin zai ragu sosai. Na sani. Waya ma na saya, tana cikin durowa tun shekaranjiya.
Ƙarfe huɗu na kunna. Zzzz, da ƙarfinsa. Na jingina da kujera. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, me kake saurare a wannan hayaniyar?" Na ce gwaji nake yi.
Sai biyar na kashe.