Matata Ta Mayar Da Ni Majinyaci

Zuwa ga Hajiya Maijidda,

Don Allah ki taimake ni da matata Suwaiba, ta kusa mayar da ni abin dariya a Gusau. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na dawo daga Sakkwato bayan an ba mu jihar Zamfara. Tun da ɓarin jikin yayana Alhaji Haliru ya shanye bara a Tsafe, matar nan ta hana ni sakat. Wata 'yar nas ce a Sabon Gari, wadda na girmi ubanta, ta hure mata kunne wai hawan jini gado ne. Yanzu miyata lami, man shanu ya ƙaura daga tuwona, shayi kuwa kamar ruwan wanke kwano. Kullum waƙa ɗaya: "Alhaji, a je a yi awo."

Awon me? Da girmana in naɗe hannun riga, yarinya ta ɗaura mini ƙyalle a damtse tana matsa 'yar roba, wai ita za ta gaya mini lafiyata? Mahaifinmu ya tsufa yana noma a Bungudu, bai taɓa taka asibiti ba. Ciwon kan da nake yi na aiki ne. Ranar da hannuna na hagu ya mutu ina tuƙi, har na tsaya a bakin hanya, ai tsayuwar layin mai ce ta gajiyar da ni, kuma ya sake da kansa. Ban gaya mata ba, kar ta samu na faɗi. Yaya zan yi ta bar wannan shirme?

Magidanci Mai Lafiya, Gusau

Alhaji Mai Lafiya,

Sunan da ka raɗa wa kanka ne kaɗai mai lafiya a wasiƙar nan.

Inda kake da gaskiya ba zan hana ka ba: mita tana da cin rai, kuma da Suwaiba ta shawarce ka kafin ta taɓa tukunya, da ya fi. Gaskiyarka ta ƙare a nan.

Mahaifinku fartanya ya riƙe, kai kujerar ofis da tsire ka riƙe. Ba tsufansa ka gada ba tukuna, jinin Alhaji Haliru ne a jikinka. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa mutum na ƙiba yana sheƙi ana cewa hutu ne. Hannun da ya mutu ya sake kuwa gargaɗi ne babba, kai kuma ka ɗora wa layin mai. Namijin da ke tsoron ƙyalle a damtse ya daina kiran kowa yarinya.

Ka ajiye jaridar nan ka tafi asibiti yau, kuma kada ka tuƙa kanka. Ka gaya wa likita maganar hannun ba ragi. A auna jininka, a duba sukari da nauyi, ka riƙa komawa duk lokacin da aka sa maka. In an rubuta magani ka sha, ko da kana jin garau. Suwaiba kuma ta ji komai daga bakinka.

In girman kan bai sauka ba, ka je Tsafe ka zauna wuni guda, ka ga waye ke ɗaga yayanka zuwa makewayi. Wannan aikin kake tanadar wa matarka.

Allah Ya ba Alhaji Haliru sauƙi, kai kuma Ya ba ka lafiya da kunnen jin magana.

Hajiya Maijidda