Na Bi Farantina Har Madafa

Zuwa ga Yaya Isufu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Yaya uwargida da yara? Mu nan Hamdara lafiya lau, an gama cirar gyaɗa, mun gode Allah.

Ka daɗe kana yi mini dariya wai ban san Damagaram ba. To, na je, kwana biyu wajen ɗiyata Mariyama. Ta zaga da ni lungunan Birni, na ga dukawa masu aikin fata, har yashi ya gajiyar da ƙafata. Sannan ta kai ni gidan abinci muka ci dambu.

Da na gama, sai na ɗauki farantina na nufi madafa in yi wa mai girki sannu da aiki, kamar yadda Inna ta koya mana. Mariyama ta riƙo zanena, "Mama, ba a yi a nan." Na dai shiga.

Matar ta ce, "Baƙuwa, yaya dambun?"

Na ce, "Hannunki da daɗi, amma man gyaɗarki ya kwana biyu."

Ta dube ni tsaf, ta ce, "Kawo naki mu gani."

Yaya, ka ce in sayar wa ƴan sari gyaɗarmu. Ka yi haƙuri, bana ko tiya ɗaya ba za su samu ba. Na fara suyar gyaɗar, ranar Alhamis zan kai wa mai girkin nan man gyaɗa bido guda, wato jarka ɗaya.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Wannan karon ta ƙofar madafa zan shiga.

Ƙanwarka,
Hadiza