Zuwa Ga Ɗana Na Fari A Zangon Jugu

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan takarda ta fito daga Maska, daga bakin Kande mai tuwon ayari, matar marigayi Garba bafatake, zuwa ga wani mutumin Maska da aka ce yana zaune a zangon Jugu, bisa hanyar Gwanja. Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri, da tambayar lafiyar ƙafa. Ni ban iya rubutu ba, Malam Buba na bakin marina ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na roƙi madugun da zai ɗauke ta ya sa a karanta ta cikin jama'a duk zangon da aka sauka, har ta iske mai ita. Ku da kuke saurare, ku yi haƙuri da surutun tsohuwa. Wanda ya tsinci abin amfani a ciki ya ɗauka, na yafe mashi.

Bayan haka, da kai nake. Ka san kanka.

Tanko mutumin Bakori ya dawo da ayarin bana, ya zo gaishe ni. Ya ce ya gan ka a Jugu ka rame, jakinka ya mutu tun kan hanyar dawowa daga Salaga, kurkunu ya kama ka a ƙafar hagu, kana zaune gidan wani fatoma mai saukar da fatake kana yi mashi yayyafin goro don ka samu na kai wa baka. Ya faɗa maka idona ya fara tafiya, ya ce ka taso ku taho tare. Ka yi dariya ka ce mashi, "Innar Audu ai Audu take nema. Ni ko sunana ba ta sani ba." Tanko ya rantse mani da wasa ka faɗa. Tanko bai san dariyarka ba. Ni na san ta, irin ta ubanka ce, wadda yake yi in abu ya ci shi a rai.

To ka ji, idon nan da gaske yake. Na dama ya rufe tun da kaka, na hagu kau mutum nake gani kamar ta cikin hayaƙin murhu. Masu magani sun yi nasu sun gaji. Ina so in gan ka da ɗan sauran da ya rage, abin da ya sa na fasa asirina a gaban fatake ke nan.

Amma bari in fara da faɗa, tun da ban samu yi ba lokacin da ya kamata. Wa ya taɓa jin an tafi Gwanja da jaki ɗaya da taurin kai? Babu madugu, babu abokin hanya, ka ɗora turkudi da kanwa ka kama yamma kamar mai zuwa kasuwar Bakori. Ga uwar hanya zaune cikin gida, wadda ta dafa wa ayari tuwo tun daga nan har Salaga ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba ka tambaya ba. Tun da ka tafi ba da shawarata ba, sai ka dawo da ita.

Fara da ƙafar. Kada ka ja kurkunu da ƙarfi, ka ji ko? Ka samu ɗan tsinke ka riƙa naɗe shi kaɗan-kaɗan kowace safiya, iyakar abin da ya fito don kansa. In ya tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura ta zaunar da kai har wata damina. Sauri ya haifi nawa. Ka shafe wurin da man kaɗanya, ka ɗaure da tsumma mai tsabta. Kuma ka daina shan ruwan kududdufi ko ƙishirwa za ta kashe ka. Ka nemi mai gudu ko na rijiya, ka jefa tsamiya cikin gorarka.

In ƙafa ta taku, kada ka fita Jugu kai kaɗai. Dajin da ke tsakanin Jugu da Nikki har zuwa bakin kogin Kwara ba a yi mashi jarunta. Ka jira ayarin da ya nufo gida, ka je ka durƙusa wa madugu da ɗan goronka, ka ce kai ɗan Garba ne na Maska. Tsofaffin hanya ba su manta shi ba. Ba sai kana da kaya ba, ko korar jakuna ka yi masu za su ciyar da kai. In an tashi ka shiga tsakiya. Na gaba shi ke fara gamuwa da abin da ke daji, na baya shi ake tsinkewa ba wanda ya ji. Wanda ya tare ka a hanya ya ce ya san gajeriya, ka gode mashi ka bi doguwar.

Kowane gari kuka shiga, ka bar madugu ya gaida mai garin kafin ka buɗe bakinka. Na san ka da gyara wa mutane magana. Can ba Maska ba ne. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Abincin da aka miƙo maka ka sa hannu ko da loma ɗaya ce, ko da ba ka san ganyen miyar ba. Itacen da ka ga an ɗaura wa farin ƙyalle kada ka zauna a gindinsa, kada ka tsinki ganyensa, na mutane ne.

Kafin ka baro Jugu, ka shiga layin maƙera da ke bayan kasuwa, in har yana nan. Ka tsaya ka kalli yadda dukawan wurin suke yin kube da jar fata. Wuƙar nan mai jan kube da ka yi ta tinƙaho da ita kana yaro, kana cewa tsarabar ubanka ce, a layin nan aka saye ta. Ubanka bai san ma an saya ba sai da ya gan ta a ƙugunka. Ni na tsaya na zaɓa, na ɓoye ta cikin tukunyar daddawa har Tsiga inda ake riƙon ka, na ba Goggo kakarka na ce ta ba yaran gida. Ta dube ni ta ce, "Yaran gida ai ɗaya ne." Na yi kamar ban ji ba.

Sai Kwara. Ku yi ƙoƙari ku isa fito da hantsi, kafin iska ta taso. Ka gama magana da mai jirgi tun ƙafarka na kan tudu, don tsakiyar ruwa ba a ciniki. In an ba ka jaki ka riƙe, a sauke mashi mangala tukuna, ka kama kansa gefen jirgi ka ɗaga hancinsa sama, shi zai yi iyo da sauran jikin. Kada ka miƙe tsaye cikin jirgi ko me ka gani. Za ka ga dorina sun fito da kunnuwa kamar an jera tukwane bisa ruwa. Ka bar su da mai jirgi, ya fi ka sanin su. In kun kai tsakiya ka ɗaga kai ka duba. Ga tsibirai shar da albasa, ga mata na tuƙa jirgi da goyo a baya, ruwa kau har inda ido ya tsaya. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba. Ka kalla da kyau, don in ka zo zan tambaye ka ko yana nan yadda na bar shi.

Ranar da na fara haye ruwan nan, ba a daɗe da yaye ka ba. An kai ka Tsiga wurin Goggo kamar yadda ake yi, ni kuma ubanka ya ce in biyo ayari in huce. Nonona bai gama ƙafewa ba, zanen da na ɗaure ƙirji da shi kullum a jiƙe. Muna tsakiyar ruwa wata mata ta gitta da jirginta, ɗanta na tsotso, sai kuka ya ƙwace mani. Matan ayari suka yi ta yi mani dariya, wai 'yar tudu ta ga ruwa. Na bar su a kan haka.

Daga Yawuri sauran sauƙi, amma nan ne mutane ke sakin jiki. Ka gyara takalminka kafin ƙasar duwatsu, ka sa a yi mashi sabon maɗauri. In kana da ɗan goro na kanka, ka buɗe huhun duk bayan kwana kaɗan, ka tsince mai sankara ka yar, ka yayyafa ruwa ka sake ganye. Yanzu kam ka fi ni sanin wannan. In babu ko ƙwaya ɗaya, ka taho hakanan. Na san abin da ke riƙe irinku a zango: kunyar a ce wane ya je Gwanja ya dawo hannu rabbana. Wallahi na ga dattawa masu jakuna tuli sun dawo da sanda kaɗai, aka yi kwana biyu ana magana, aka manta. Dawa ta yi kyau bana, ƙanenka Audu ya cika rumbuna, gonarka ta bakin fadama yana noma ta bai taɓa cewa tasa ba ce. Ba goro nake jira ba.

In ka hango dutsen Kwatarkwashi da mikiya na shawagi a kansa, ka yi hamdala, ka shigo ƙasar da ake jin maganarka ba tafinta. Daga nan kada ka tsaya gaishe-gaishe. In duwatsun Funtuwa suka bayyana, ka rabu da ayari ka saɓo hanyar Maska. Tsiga ka bar ta sai daga baya. Goggo ta rasu shekarar da ta bi tafiyarka, ban sani ba ko labari ya kai maka. Allah ya jiƙanta, ita ta riƙe ka, ita ke kiran ka da baki cike.

Yanzu sauran maganar da ka faɗa wa Tanko.

Kai da wayonka, ba ka san kunyar ɗan fari ba? Uwata ba ta taɓa kiran yayana da suna ba har ta koma ga Allah, kuma ba a taɓa cewa ba ta son sa. Haka na tarar, haka na yi, ban ɗauke shi laifi ba. Audu in kira shi, in zage shi, in ja kunnensa, in zuba mashi a akushina. Kai kau sai dai "yaron nan", sai "wancan". In ka shigo in kau da kai, in ana yabon ka in tashi in ba su wuri. Na zaci kana gani. Na zaci ka san dalilin da ƙoshiyarka ta tuwo kullum ta fi ta kowa nauyi, ka san wa ke aika fura Tsiga duk ranar kasuwa.

Safiyar da za ka tafi ka zo ka durƙusa bakin ɗakina, ina sussukar dawa. Ka ce za ka kama hanya. Na ce Allah ya kiyaye, ban ɗago ba, ga matan gida tsaye suna kallo. Duk abin nan da Malam ya cika takarda da shi yana bakina a lokacin, na haɗiye. Dakuwar da Audu ya bi ka da ita har bakin gari, ni na daka ta. Da ka fita na zaga bayan rumbu na leƙa ta saman danga, ina ganin farar hularka tsakanin ɗorayi har ta ɓace. Lokacin idona garau yake.

Malam Buba ya ce in bari shi ya rubuta sunan a bayan takarda, ai ya sani, ba sai na faɗa ba. Na ce a'a. Saƙon kawunka ya je da sunanka, na Audu ya je da sunanka, ba ka motsa ba. Wannan daga bakina zai fito, kuma ya rubuta cewa daga bakina ya fito. Ƙanwata da ke zaune nan ta ja mayafi ta fita tsakar gida, ta ce ba da ita ba. Ta tafi. Na tsufa, kunyar ta ci abin da za ta ci.

Isiyaku.

Isiyaku, ka taho gida. Ni na ce a sa maka sunan nan, na ubana ne, shi ya sa nauyinsa ya zama biyu a bakina. Kullum ina faɗar sa cikin sujada inda ba mai ji sai Allah. Kai mai karanta takardar nan, don girman Allah in ka zo wurin nan ka ɗaga murya, kada ka yi mani rowa, ya ji shi har inda yake zaune.

In ka iso ka tarar ɗayan idon ma ya rufe, kada ka tsaya daga bakin ƙofa ka gaishe ni kamar yadda ka saba. Ka shigo ka zauna kan tabarmata, ka kawo fuskarka in shafa.

Allah ya warkar da ƙafarka, ya haɗa ka da madugu mai tsoron Allah. Allah ya tsare ka daga sharrin daji da sharrin ruwa da sharrin mutum, ya naɗe maka nisan hanya. Ku ma da kuka saurara, Allah ya mai da kowa ɗakin uwarsa lafiya. Amin.

Wassalamu. Ni ce Kande ta Maska, uwar Isiyaku.