Gwiwata Ta Karkace Waje, Fayil Ya Ce Ciki

Zuwa ga: Shugaban Sashen Bayanan Marasa Lafiya, Babban Asibiti
Daga: Mai aski, shagon da ke kallon tashar mota
Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Lambar cutar da aka liƙa wa gwiwar hannuna ta dama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ina yaro na faɗo daga katanga, gwiwar hannuna ta karye, ta warke a karkace zuwa waje. Ran 3 ga Maris likitan ƙashi ya tabbatar cewa karkacewar ce ke jan jijiya, shi ya sa ƙaramin yatsana da na kusa da shi suke mutuwa, kuma in ba a yi aiki da wuri ba hannun zai shanye. A fayil kuwa, saboda sauri, ya rubuta cewa gwiwa ta karkace, bai faɗi inda ta nufa ba.

2. Ma'aikacinku mai sa wa cututtuka lamba, Allah ya ƙara masa basira, bai ga dalilin damun likita da tambaya ba. Ya zaɓi lambar karkacewa zuwa ciki, wai ita aka fi kawowa.

3. Ran 20 ga Afrilu kwamitin tiyata ya soke sunana daga jerin masu jiran aiki, bisa hujjar cewa mai wannan lamba kyan gani kawai yake nema. Ranka ya daɗe, na haura hamsin, ga sanƙo, ga tumbi. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ta shige ɗaki tana kuka.

4. Na kai hannun da kansa tagar ofishinku, na naɗe riga, na miƙa. Ma'aikacin ya kau da kai, ya ce aikinsa takarda ne ba hannu ba, kuma likitan da ya rubuta ne kaɗai ke da ikon gyarawa. Likitan an yi masa canjin wurin aiki. Magajinsa ya ce ba ya taɓa rubutun wani. Wallahi wannan girmama juna ta burge ni.

5. Ran 2 ga Yuni almakashi ya suɓuce mini, na tsarge kunnen wani dattijo da ya daɗe yana aski a wurina. Bai yi faɗa ba, amma bai dawo ba, kuma labari ya zaga tasha. Da wannan almakashin nake ciyar da iyalina, kuma tsoro nake ji.

Saboda haka ina roƙon alfarma ka sa wani likita ya ɗaga ido ya kalli gwiwar, ya rubuta inda ta nufa, a gyara lambar, a mayar da sunana. In hakan ya saɓa wa ƙa'ida, a taimaka a sanar da gwiwar a rubuce cewa ciki ta karkace, ko za ta bi umarni.

Ka huta lafiya, tare da dukkan biyayya.

Naka mai ladabi,
Mai aski

Sa hannu: a yi haƙuri da dangwalen babban yatsan hagu. Hannun mai neman kyan gani ya daina riƙe biro.