Maɓallin da Ka Sa wa Hannun Dama

Zuwa ga Yayana Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a can ƙasar Turawa. Mu nan Maiduguri sai godiya. Inna tana gaishe ka, amma ba ta san da wannan takarda ba. Na rubuto ta a fili inda kowa zai gani, tunda saƙon waya ka daina amsawa, sai dai in ga alamar ka buɗe ka rufe.

Ka san aikina, amma bari in maimaita maka, don kamar ka manta. Likitar mata ce ni. Yanzu ba dole sai an tsaga ciki ba kafin a cire ƙari daga mahaifa. 'Yan huji ake yi, a zura kyamara ta cibiya, a zura dogayen ƙarafa, idona yana kan allo, hannuna yana waje. Cire ƙarin ba shi ne tashin hankali ba. Tashin hankalin shi ne ɗinke mahaifar da ƙulla zare can ciki inda yatsa ba ya kaiwa, ga jini yana tsattsafowa. Abin da ke riƙe allurar wani dogon hantsaki ne mai makulli a mariƙinsa. Wanda asibitinmu yake da shi, kamfaninku ya ƙera, kuma kai da bakinka ka gaya mana kai ka zana shi.

An sassaƙa mariƙin daidai tafin hannun dama. Maɓallin da ke sakin allura ka ɗora shi a gefe, inda babban yatsan dama yake sauka. In na riƙe da hagu sai maɓallin ya shige cikin tafina, ina matsawa in soka allura sai ya saki, allura ta faɗi tsakanin hanji. Ka taɓa neman allura a cikin cikin mutum, Yaya? Ni na nema, gumi yana shiga idona.

Kai ne fa! Duk duniya wa ya fi ka sanin ni bahaguwa ce? A tsakar gidanmu na Hausari, da na miƙa hannu a kwano sai ka ɗaga murya: “Baba, ga ta can da hagu!” Goggo ta kan ɗaure min hannun da ɗankwali har a gama cin tuwo. Ban riƙe wannan a zuciya ba. Na koyi ci da dama, kuma haka ya kamata.

Amma akwai ranar da almakashin Inna ya saɓule min fatar yatsa ina yanka ƙyalle. Ka karɓe shi, ka samo tsohon tub na keke, ka yanko roba ka naɗe masa hannu. Ka miƙo min kana hura hanci kamar wani babban injiniya, ka ce: “Ba hannunki ne da laifi ba, Hajara, almakashin ne.” Da wannan maganar taka na yi karatun likita gaba ɗaya.

Shi ya sa da na kira ka na yi maka bayanin maɓallin, na ɗauka za ka ce subhanallahi. Sai ka yi dariya. Ka ce masu hagu ba su taka kara sun karya ba, ba za a sake ƙira saboda su ba. Ka ce: “Ki saba da dama mana, kamar kowa.” Wallahi da baƙo ya faɗa min da bai yi min zafi haka ba.

Na bi maganarka, don ba ni da wata hanya. Na huda kwali a gida, ina sayo tumbin akuya wajen mahauta, ina sa shi ciki, ina ɗinkawa ta hujin da hannun dama har ƙudaje suka san ɗakina. Na iya, amma da ƙarfi nake yi, hannu a sandare. A hankali babban yatsana na dama ya fara tsami, daga nan ya fara mutuwa. Likitan ƙashi ya ce jijiya ce ta matsu, in ajiye hantsakin nan, in ba haka ba zan rasa yatsan. Shugaban sashenmu ya ce in bai warke ba, in koma tsaga ciki kawai. Ni kaɗai ce mace a masu wannan aiki, kuma ka san matan garin nan da mazajensu, da yawa sun gwammace su zauna da ciwo da a ce namiji ne zai duba su.

Akwai wata baiwar Allah daga unguwar Limanti, ba zan faɗi sunanta ba. Ta daɗe da aure ba haihuwa, ƙarin yana ta zubar mata da jini. Ƙosai take soyawa, in ta kwanta gidansu ba a ɗora tukunya. Tun kafin yatsana ya lalace na yi mata alkawarin 'yan huji kawai zan yi, ta tashi da wuri ta koma bakin kaskonta. Ta jira ni, ta ƙi kowa. Jinin ya yi yawa, jira ya ƙare. Makon jiya na tsaga ta daga gefe zuwa gefe, na ɗinke da hagun nan da ka raina. Aiki ya yi kyau. Amma za ta daɗe ba ta ɗaga ko tulu ba, kuma ni ce na yi mata ƙarya.

Ina jin haushinka, Yaya, haushi mai tsanani. Ba sabon inji na roƙe ka ba. Ka mayar da maɓallin nan tsakiya, bisa doron mariƙin, inda kowane yatsa zai kai. Ka shiga taronku ka buga tebur. In sun ce ba su san mai hagu ba, ka ce musu kai ka sani, ciki ɗaya kuka fito.

Duk da haka ina kewarka. Ina kewar yadda kake kwance rediyon Baba ka mayar, a bar ka da kusoshi a hannu kana rantsuwar ba su da amfani. Wannan yaron nake rubuta wa, in yana nan.

Da aka sallami matar nan, ta kamo hannuna na dama da hannayenta biyu, ta yi min sannu da Barbarci, ta ce: “Wushe, likita, Allah ya yi wa hannun nan albarka.” Ta matse babban yatsana sosai, na ga farcenta ya shiga fata. Ban ji komai ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ta haihuwa. Allah ya dawo min da yatsana. Kai kuma Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka, ya tausasa zuciyarka, kada ya jarrabe ka da abin da ya jarrabe ni. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara