Kwanakin da Na Juya

Yaya Garba,

Gaisuwa da girmamawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa?

Inna tana nan Limawa, ƙafar ta ƙara kumbura. Matarka ta fita takaba, ta koma Kafin Hausa da yaran. Gari ya cika da zancen shari'a da adalci, in an fara a rediyo sai in kashe. A ofis kuma an ba ni kujerarka.

Yaya, ni na ɓata rahoton nan.

Kai ka sama mini aiki a sashen ƙididdiga, kai ka zaunar da ni gaban kwamfuta. Sau nawa ka ja mini kunne cewa mu rana muke fara rubutawa, ita kuwa wata take fara karantawa in ba a gaya mata ba? Ranar da ka kai Inna asibiti, ka bar mini bayanan rigakafin yaran ƙauyuka in daidaita kwanakinsu. Layin umarni ɗaya zan rubuta wa kwamfutar. Ina saurin tafiya kallon ƙwallo, na rubuta shi a juye. Uku ga watan tara ya koma tara ga watan uku. Rahoto ya fita da yaran da aka yi wa allura tun ba a haife su ba, ga sa hannunka a ƙasa.

Baƙin da suka zo daga Abuja duba rahoton suka yi ta dariya. Darakta bai yi ba. Da ya tambayi wanda ya taɓa fayil ɗin, ka dube ni sau ɗaya, ka ce kai ne. Ni kuwa na tsura wa takalmina ido.

Suka tura ka Miga, ɗakin da ko wuta babu, kai da ka koya wa rabin ofishin aiki. Kullum kana kan babur safe da yamma, don kada Inna ta kwana ba ka gan ta ba. Wata bakwai kana bin hanyar nan, har ranar da motar itace ta same ka.

Kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma wa ya ɗora ka a kan hanyar? Darakta ya zo gaisuwa, ya ja doguwar addu'a, ya ce ba a taɓa yin ma'aikaci kamarka ba. Da hannuna na miƙa masa ruwa.

Kai ma ina jin haushinka. Me ya sa ba ka taɓa ta da maganar ba? Da ka zage ni, da na sami bakin neman gafara. Sai dai ka tambaye ni ko aiki na tafiya daidai.

Bayan sadakar bakwai na gyara fayil ɗin. Bai ci minti biyar ba. Ba wanda ya nema.

Inna kullum sa mini albarka take, wai na riƙe mata gida. Ban gaya mata ba, kuma na san ba zan iya ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka.

Ƙaninka da ya yi shiru,
Habu