Ina So In Yanka Wa Jirgin Kakana Taga

Anti Marlys, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Shekarata ashirin da uku, a Anacortes nake, kakana ne ya rene mu ni da yayana Tobin. Duk bazara a jirgin ruwansa mai inji muke tafiya arewa har Alaska, tun ban iya ɗaura igiya ba. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce bana ma sai ya je, ko da ita ce ta ƙarshe, amma ba ya iya hawa matakala, kuma ɗakin kwanansa a can ƙasa yake, tagarsa ba ta fi faranti ba. Wato zai yi tafiyar yana kallon rufi.

A bikin nunin jiragen Seattle na ga sababbin jirage masu manyan tagogi a gangar jikinsu, kana kwance ruwa na wucewa dab da matashinka. Wallahi sai da na yi hawaye. Na samo mai yanka mana irinsu. Da na gaya wa Kaka, sai ya ce, "Ke ja'ira, rami a jikin jirgi sunansa rami, ko an sa masa labule." Tobin kuma sai tsokana, wai in bari shi ya kawo zarto, Kaka ya sha kallon kifi daga ciki. Kwana biyu ba na yi masa magana. Ni fa alheri nake nufi. Shin tagogin nan haɗari ne, ko tsufa ne ke damun Kaka? In yanka a ɓoye?

Jikar Matuƙi, Anacortes

’Yata, kin burge ni. Mai irin zuciyarki ba a rasa mata mafita. Amma ajiye zarton nan tukuna.

Kina da gaskiyarki. Jiragen da kika gani ba tarko ba ne. Wanda aka ƙera da kyau, tun a zane aka lissafa tagarsa: gilashi mai kauri, an ƙarfafa kewayensa, an auna tazararsa da ruwa. Da yawa suna tafiyarsu lafiya, ko da yake har su ma matuƙa na hattara da tagogin a ruwa mai tsauri da wajen jingina da gadar tashar jirage.

Kakanki ma yana da tasa. Jirginsa ba a zana shi da wannan rami ba. In kika yanka, kin yanke abin da ke riƙe da shi, a wurin da taguwar ruwa ta fi duka. Kin kuma fi ni sanin gumaguman itacen da ke yawo a ruwanmu, rabinsu a nutse. Jikin jirgi yakan sha karo ya wuce. Gilashin da ke dab da ruwa in ya fashe, ruwa zai shigo ne daidai inda mutumin da ba ya iya hawa matakala yake kwance. Batun ɓoye kuwa, ki manta da shi. Ciwo ya riga ya ƙwace masa rabin jiki, kada ki ƙwace masa ikon jirginsa.

Ga shawarata. Falon sama ai da manyan tagogi, nesa da ruwa, kusa da sitiyari. Ku cire teburin da ke ciki, ku kafa masa gado mai shinge a wurin, ku ɗaure shi da kyau. Ki kira mai duba lafiyar jirage ya ga aikin, likitansa kuma ya amince da tafiyar. Tobin tun da bakinsa na ƙaiƙayi, ba shi guduma ya yi aikin. Ki shirya da shi, za ki buƙaci ƙarfinsa wajen ɗaga Kaka.

Sannan ki tambayi tsohon ta wane gefe yake so gadon ya fuskanta. Na tabbata wajen sitiyari zai ce, don ya riƙa yi miki faɗan tuƙi har Alaska. Ki bar shi ya yi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku ukun.

Anti Marlys